Kofunan Shayi Shida na Malam Ishaku

A Birnin Ƙonni, in ka tambayi mutane wane ne Malam Ishaku na buron rezo, wato ofishin intanet, gida biyu za su rabu. Wasu su ce maka mutumin kirki ne. Wasu su ce girman kai ya kama shi tun da ya samu ɗaki mai sanyi yana zama. Su ma na biyun suna da hujjarsu, don za ka tsaya a bakin hanya ka ɗaga masa hannu har kafaɗarka ta yi tsami, ya wuce ka kamar ya wuce turken wuta. Abin da ba su sani ba, bai gan su ba ne. Shekara uku ke nan ganinsa yana rufewa daga gefe zuwa tsakiya. Abin da ke gabansa tsaf yake ganinsa, har ƙwayar gero, amma dama da hagu babu, kamar mai leƙen duniya ta bakin gora.

A Malbaza aka haife shi, a gidan da ke bakin titin da kamiyoyin siminti ke bi, inda ko miya aka dafa sai ka ji ƙasa a haƙori. Ubansa ɗan dako ne. Lakwal kam, makarantar boko, ya yi ta, har aji huɗu na kwaleji. Ya zauna jarrabawar fita sau biyu, sau biyun tana ce masa ya gai da gida. Sai ya tattaro ya zo Ƙonni, ya samu rumfa a kasuwa yana gyaran rediyo. Cikin rediyon da ya buɗe ya fi cikin akuyar da mahautan garin suka buɗe. Da aka fara buɗe shagunan intanet, wani mutumin Togo ya ɗauke shi jan waya. A wajensa ya ga akwatin da ake kira rutar, wanda ke raba hanya ga saƙonni, ya ce wannan ya bi nan, wancan ya bi can. Da Ingilishi ake ba akwatin umarni, Ishaku kuwa Ingilishinsa bai wuce na cinikin fetur a bakin iyaka ba. Sai ya sayi littafin rubutu ya cika shi da umarnin, ya haddace su kamar mai shirin sauka. Har yau in ya furta su, Bature zai rantse ba harshensa ba ne, amma yatsunsa ba su taɓa kuskuren harafi ba.

Da haka ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai kai intanet ƙauyuka, wanda wata injiniya 'yar Yamai, Madam Latifa, take riƙe da shi. A bayan buron akwai ɗaki mai kabad ɗin ƙarfe, a ciki rutar shida a jere, kowace da garinta: Malbaza, Dogarawa, Badagishiri, Illela, Tsarnawa, Bazaga. Daga kowaccensu, waya ta hau dogon ƙarfen da ke tsakar gida, daga nan saƙo ya bi iska, ƙarfe zuwa ƙarfe, har garin. A saman su shidan akwai akwati na bakwai da ke haɗe da su duka. Sunansa na takarda dogo ne, 'yan buron Zaure suke ce masa, don ta cikinsa ake shiga kowane ɗaki. Ishaku yana zaune kan kujerarsa zai buɗe taga shida a allon ordinata, wato kwamfuta, kowace taga rutar guda, ya yi magana da Illela, ya juya ya yi da Malbaza, ko takalmi bai sa ba.

A cikin umarnin nan akwai wani da ake kira dibag. In rutar ta yi rashin lafiya ba a san abin da ke damunta ba, sai a sa mata shi, ta shiga faɗin duk abin da take yi: ga saƙo ya shigo, na duba shi, na tura shi, ga wani. Rubutu ya yi ta zubowa a taga kamar an fasa randa. Ishaku surutu yake ce masa. Yana da amfani, amma mugun abu ne. Ka ɗauka tela ne aka ce duk sukar allura sai ya tsaya ya ba da labarinta. In aiki kaɗan ne zai jure. Ranar jajibirin salla kuwa ko wando ɗaya ba zai gama ba. Haka rutar take: ka bar mata surutu a lokacin da gari ya cika, sai ta shaƙe da bakinta, aiki ya tsaya. Kuma rufe taga ba ya sa ta yi shiru, sai ka koma ka ce mata ta yi shiru. Wani abin haushin ma, in ka buɗe sabuwar taga zuwa gare ta, sabuwar ba ta nuna maka surutun sai ka nema. Fes za ka gan ta, alhali a ɗaya tagar ana ta zuba.

Mai lafiyar ido wannan ba ya damunsa. Yana aiki a taga ɗaya, da wutsiyar ido zai ga wata tana motsi. To Ishaku wutsiyar idon ce ta tafi.

Ranar da ya fara sani, amalanken jaki ne ya fito masa daga hagu yana kan moto, wato babur, sai ji ya yi yana kwance a cikin buhunan wake, mai jakin yana tambayarsa ko makaho ne shi. Likitan da ya je gani a ɓoye ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, abin da ya rage za a yi ta lallaɓa shi da maganin ɗigawa. Ya dawo gida ya gaya wa matarsa Zuwaira, ita kaɗai. Ya sayar da moton, ya ce wa jama'a ciwon baya ne.

"Ka gaya wa Madam," in ji Zuwaira. "Macen kirki ce."

"Macen kirki ce mai kamfani. Wa ke ba makaho tsaron allo?"

"Ai ba ka makance ba."

"To ki bari in ci saura na."

Shekararsa arba'in da bakwai, ba ya da takardar kowace makaranta. In ya bar kujerar nan, ba kujerar da ke jiransa ko'ina. Kuma ba cin abinci kaɗai ba ne. A wannan ɗaki ne kawai a duniya ɗan ɗan dako yake zama garuruwa shida suna jiran yatsansa.

Sai ya ƙirƙiro dabara. Ya jera ƙananan kofunan shayi shida a gefen hagu na tebur, kowane kofi gari guda. In ya sa wa rutar surutu, ya jefa goro ɗaya a kofinta. In ya sa ta yi shiru, ya cire. Kafin ya tashi salla ko cin abinci, ya bi kofunan da yatsa. Duk wanda ya shigo ɗauka yake Malam mai son shayi ne da goro. Madam ma ta taɓa cewa ya rage goron nan kada ya hana shi barci. Shekara uku, kofunan ba su taɓa yi masa ƙarya ba.

Abin ya faru ne a ƙarshen bazara, ranar kasuwar Badagishiri, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum da yamma ya watse ba ruwa. Mako guda kafin nan Madam ta kawo masa allo na biyu, babba, ta kafa masa a dama, ta ce don ya huta da cunkushe tagogi. Ya yi godiya har da dafa ƙirji. A ransa kuwa, kamar an ba gurgu kyautar tsani ne.

Da safen nan rutar Badagishiri ta ɗan yi tari. Ya sa mata surutu, ya jefa goro a kofi na uku, ya ja tagar ya kai ta sabon allon don rubutu ya taru, ya duba daga baya. Yana cikin haka Malbaza ta kira, ya juya kanta. Sai ga Bawa ya faɗo ba sallama.

Bawa taubashinsa ne, ɗan kawunsa, direban kamiyon siminti, mutum mai faɗin ƙofa da muryar da ba ta san ɗaki ba. Tun suna yara, abin da ke hannun Ishaku na Bawa ne: hula, rake, takalmi. Haka wasan taubasai yake, ba a fushi, ba a kai ƙara.

"Ɗan Goggo! Kana nan cikin firjin ɗinka kamar kifin Legas? Mutane na can suna aiki, kai kana latse-latse."

"Wa ya bar jaki ya shigo buro? Fita, kana zubar mini da siminti."

"Zan fita. Sa mini wayag ga a wuta, in na sauke kaya in dawo in ɗauka. Shayin ma babu, kofuna shida a bushe. Wagga rowa a wajen Goggo ka gado ta, mu gidanmu babu ita."

Ishaku yana dariya, idonsa a kan tagar Malbaza. Bawa ya miƙa hannu ta hagunsa ya ɗauke goron, ya ɓare, ya jefa baki, ya fita yana waƙa. Bai yi sata ba. Hakkinsa ya ɗauka, a gaban mai shi, da rana tsaka.

Wajen sha ɗaya kasuwar Badagishiri ta cika. 'Yan albasa, dillalan dabbobi, mai kantin magani, ƙaramin asibitin garin, kowa ya hau rezo. Kafin azahar rutar ta shaƙe. Waya ta fara ruri. Madam ta leƙo.

"Malam Ishaku, Badagishiri ta mutu. Asibitinsu sun kira sau uku, suna da hotunan marasa lafiya da za su aika wa likita. Daga nan ne?"

Ya kai hannu kofi na uku. Wayam. Ya ɗan tsaya. Ya tuna ya jefa goro da safe, bai tuna ya cire ba. To amma abin da hannu ya saba yi sau ɗari a rana, wa ke tuna shi? Tunda babu goro, ya kashe ke nan. Ya buɗe sabuwar taga zuwa rutar. Shiru, baƙa ƙirin, sai dai nauyi: ya danna harafi, sai ya ƙirga uku kafin ya fito. Akwai umarni ɗan gajere da zai tambaye ta ko surutu na kunne. Bai rubuta shi ba. Ya riga ya tambayi kofi.

"Nan lafiya lau, Madam. Nauyin nan daga can ne. Iskar jiya ta karkatar da farantin kama saƙo da ke kan ƙarfen Badagishiri."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Tana tsaye a bakin ƙofa, bayan sabon allon take gani. Da ta yi taku uku ta shigo, da labarin nan bai samu ba.

Mai hawa ƙarfen kamfanin Saminu ne, mutumin Bazaga, magidanci mai 'ya'ya mata huɗu, siriri kamar sandar makiyayi. Da damina manomi ne, da rani ɗan sama. Ranar yana Illela yana ɗaure wata waya. Ishaku ya kira shi, shi kuma ya hau moto ya nufi Badagishiri. Bayan la'asar ya kira daga gindin ƙarfen.

"Shef, na iso. Daga ƙasa dai faranti shina nan daidai. Kuma gabas ta yi baƙi, iska ta fara. A bari sai da safe mana."

"Saminu, marasa lafiya na jira tun azahar. Ka hau ka duba, minti goma ne."

"Ka duba wajenka da kyau, Shef?"

"Wallahi wajena fes yake."

"To. Tunda ka rantse."

Ba a yi rabin awa ba Bawa ya dawo ɗaukar wayarsa, fari fat da siminti har gira. Ya tsaya a bayan kujera yana sosa ciki.

"Kai, Ɗan Goggo, wanga sabon telebijin naka ba shi gajiya? Tun safe da na zo shike zuba rubutu kamar ruwan famfo, har yanzu bai ƙare ba."

"Wane?"

"Wanga mana, da ke kusa da kunnenka."

Ishaku ya juya kansa gaba ɗaya, a hankali, yadda ya koyi juyawa. Ga ta nan. Tagar safe, rubutu yana gudu har ba a iya karanta shi, tazarar taki ɗaya daga inda ya wuni yana kallo. Ya mayar da hannu kan kofi na uku.

"Bawa. Goron da ke nan."

"Na ci. Ɗaci gare shi ma, ko na kirki ba ka iya saye."

Ishaku ya juya ga allon. Ya rubuta kalmomi biyu a makance, cikin rubutun da ke ambaliya, ya danna. Tagar ta tsaya cik. Kafin ya sauke numfashi, ya ji Madam daga buro tana cewa, "Ta dawo! Saminu ya gyara!"

Ya kira Saminu don ya ce ya sauko. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake. A karo na huɗu wata murya ta ɗauka, ga iska tana kaɗawa a bayanta, ga hayaniya. Mai gadin wurin ne. Ya ce guguwa ta taso Saminu yana tsakiyar saukowa, a daidai inda ake kwance igiya a sake ɗaurawa, ya faɗo. Ya ce yana numfashi.

Bawa ya daina tauna abin da ke bakinsa. Ya dubi allon, ya dubi kofunan, ya ɗaga hannu ya kaɗa shi a gefen fuskar Ishaku, kusa har iskar ta taɓa kunne. Ishaku bai ƙifta ba.

"Tun yaushe?" Wannan ne karo na farko a rayuwarsu da Bawa ya yi masa magana a hankali.

"Shekara uku."

Bawa ya zauna a ƙasa, a kan simintin ɗakin, ya riƙe kai. Can ya ce, "Ni ban ga komi ba. Ka ji? Ban iya karatu ba, kowa ya sani. Ban ga komi ba."

Kuma da gaske ba wanda ya tambaya. Kowa ya ce ƙaddara. Madam ta rubuta cewa iska ta karkatar da faranti, ma'aikaci ya gyara, ya faɗo wajen saukowa. A Badagishiri har addu'a aka yi wa Saminu a masallaci, bawan Allah da ya hau cikin hadari don marasa lafiya. Ishaku ya yi kwana huɗu yana zuwa aiki, yana buɗe taga shida, yana komawa gida ya tura tuwo gefe. Zuwaira ta lura. Ta dai daina ce masa a dawo lafiya da fara'ar da ta saba.

Rana ta biyar Madam ta ɗauke shi a mota suka je asibiti duba Saminu. Ƙugu ne ya karye, da ƙafar dama a wuri biyu. Likita ya ce zai taka, da sanda, wata rana. Hawa kam an gama. Matar Saminu, Sa'adatu, tana zaune a kan tabarma da kwanon kunu, ta gaishe su ta koma gefe.

"Sannu, jarumi," in ji Madam. "Ka ceci garin nan."

Saminu ya lashi leɓensa da ya bushe. Sannan ya ce, "Madam, abin nan ke hana ni barci, ba ƙafar ba. Ni ban taɓa komi ba. Na hau, na duba faranti, ƙusa ko ɗaya ba ta motsa ba. Ko sifana ban fitar ba. Na juyo ke nan." Ya mai da kai wajen Ishaku. "Shef, kai ka san na'urorin nan. Mi ya gyara shi?"

Amsoshi sun fi biyar a bakin Ishaku, kuma kowace za ta wuce. Zafi ne ya sa, da iska ta kaɗa ya huce. Waya ce ta saki, girgizar hawansa ta mayar da ita. Madam da kanta ta fara cewa wani lokaci haka na'ura take yi. Ya bar ta ta kai ƙarshen maganarta.

"Ni na gyara shi," ya ce. "Daga kujerata. Ni kuma na ɓata shi. Surutu na bari a kunne tun safe, yana gefena, ban gan shi ba. Ba na gani ta gefe, Madam. Na daɗe."

Bai ambaci Bawa ba, bai ambaci goro ba. Wani tsoho a gadon ƙarshe yana ta tari.

"Ka rantse mini, Shef," in ji Saminu.

"Na rantse."

"Na ce maka a bari sai da safe."

"Ka ce."

Saminu ya juya fuska bango. Bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Sa'adatu ta rufe kwanon kunun, ta tashi ta fita da shi.

Da suka kai ƙofar buro, Madam ta tsayar da mota ta dube shi. Ta ce da ya gaya mata tun farko, da ta sa an yi masa ƙararrawa mai kuka in an bar surutu, aikin rabin yini ne. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ta ce ya zauna wata ɗaya ya nuna wa wanda zai gaje shi ɗakin. Ya zauna, ya nuna, ya miƙa mabuɗi.

Ruwan shuka ya sauka a Bazaga cikin dare ɗaya, washegari kowa ya fita gona. Gonar Saminu tana yamma da gari, shi kuwa yana kwance a zaure, ƙafa a ɗaure. Da hantsi kamiyon siminti ya tsaya a bakin hanya, inda kamiyo ba ta da dalilin tsayawa. Bawa ya sauko, ya zagayo ya riƙo hannun Ishaku. Ba wanda ya kira su. Bawa ya karɓi sungumi yana sara, Ishaku yana binsa da ƙwaryar iri, ya zuba gero a rami, ya rufe da diddige, ya matsa. Shekara talatin rabonsa da shuka, bayansa ya gaya masa haka tun layi na biyu. Amma aikin ya karɓe shi, don rami ɗaya ake kallo a lokaci ɗaya.

Da rana ta take, Sa'adatu ta kawo fura. Ta miƙa wa Bawa tasa a hannu, ta yi masa sannu da aiki. Ta Ishaku kuwa ta ajiye ta a ƙasa, a damansa, taku biyu daga ƙafarsa, inda idonsa ba ya kaiwa. Ta san abin da ta yi, tana asibitin ta ji komi da kunnenta. Bawa ya buɗe baki zai yi magana, ta dube shi, ya rufe.

Ishaku ya ji ƙarar ajiye ƙwaryar, ya ji takunta yana nisa. Bai juya ba. Ya ɗebi iri ya zuba a ramin da ke gabansa.